Malamin En'e da Ya Nemi a Binciki En'e

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru a Arewa, 'yan kwanaki ne a tsakaninsu. Ranar 8 ga wata wasu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU. Kafin watan ya ƙare kuma, wani malamin makaranta daga Bauchi ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya nemi Gwamna ya naɗa hukuma mai zaman kanta ta binciki yadda ake tafiyar da mulkin En'e, ta kawo shawarar gyara. Labarin farko kowa ya san shi, mawaƙa ma sun yi masa hidima. Na biyun ne nake ganin an yi wa rowar tawada, alhali shi ya fi kusa da rayuwar yawancinmu, mu da muke cin abinci a ƙarƙashin wani, muna ganin ɓarna a wurin aiki, ba mu kuma da niyyar ajiye aikin.

Malamin nan shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin da ya ba maganarsa nauyi, ya kuma sa ta zama kasada, shi ne cewa ta ƙofar En'e ya shiga majalisar. A tsarin mulkin Gwamna Richards ba talakawa ke jefa ƙuri'a ba. En'e-En'en kowane lardi su ke fitar da wanda zai wakilce su. Wato gidan da ya aiko shi, shi ya tashi yana cewa a bincika.

Wanda bai riski zamanin ba zai yi wuya ya gane girman En'e a rayuwar mutanen Arewa. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ba shi da mutanen da za su riƙe wannan faffaɗar ƙasa, ba shi kuma da kuɗin ɗauko su. Sai ya bar sarakuna a kan gadajensu, ya sa Razdan da Di'o a gefensu. A 1909 aka fara Baitulmali a Katsina, lokacin Razdan Palmer, daga baya sauran masarautu suka bi. Daga nan haraji da jangali suka daina zama abin da hakimi zai tara ya ɗebi nasa ya miƙa saura. Aka koma raba kuɗin tsakanin Gwamnati da En'e, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. To Baitulmali kuwa ba ya tafiya sai da mai rubutu: mai yanka rasit, mai riƙe littafin shiga da fita, mai tsara kasafin shekara. Buƙatar waɗannan mutane na daga cikin dalilan buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina kuma, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aikinta ta horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna.

Haka aka sami sabuwar sana'a a ƙasar Hausa, aikin En'e. Akwai Ma'aji da malamansa, akwai magatakarda, akwai malamin haraji da malamin jangali, malamin daji mai hana sare itace, malamin gona, malamin dabbobi, duba-gari mai leƙa randunan mata, ga 'yan doka, ga masu tsaron gidan yari, ga malaman elementare da na Midil. Mutumin ƙauye yana iya haihuwa ya tsufa bai taɓa yin magana da Bature ba, amma ba zai shekara bai haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wurinsa su ne hukuma.

Sai dai a gaban doka En'e ba ma'aikata ba ce mai dokokin ɗauka da na kora. A manyan masarautu, sarki shi kaɗai shi ne En'e. Majalisarsa ta shawara ce, in ya so ya ɗauka, in ya so ya bari, muddin dai Razdan bai sa baki ba. Shi ke naɗawa, shi ke tuɓewa, kuma yana da kotunsa wadda a manyan masarautu har hukuncin kisa take yankewa, sai dai a jira amincewar Gwamna. Saboda haka hawa a aikin En'e ya rataya ne a kan ɗan wane ne kai, ko yaron wane ne kai. Ilimi yana shigar da mutum, amma da wuya ya kai shi sama shi kaɗai.

Baffana malamin jangali ne a wata En'e. Idan damina ta yi, sai ya ɗaure littafin rasit a bayan keke ya bi rugage yana ƙidayar shanu, Fulani suna ɓoye rabi a daji, shi ya sani, su ma sun san ya sani. Abin da ya fi yawan faɗa mana game da aikin shi ne gaisuwa. Ba ka zuwa gaban na sama da kai hannu rabbana. Ga salla, ga naɗi, ga suna, ga rangadi. Albashin kuwa bai isa ba. To ina za ka samo? Daga wurin na ƙasa da kai, shi ma daga wurin na ƙasa da shi, har ta dire a kan mai garma da mai sanda. Yakan ce wanda ba ya karɓa ba shi da abin bayarwa, wanda ba ya bayarwa kuma ba ya daɗewa a wurin. Ba yabon kansa yake yi ba, ba kuma kuka yake ba, bayanin yadda aikin yake ne kawai.

Kada a ɗauka ƙananan malamai ne kaɗai ba su da tabbas. Ahmadu Bello jinin Shehu ne, ya fito Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Raɓa a 1934, ya zama Sardauna a 1938. Duk da haka, lokacin da yake Gusau aka tuhume shi da cin kuɗin jangali a 1943, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. In haka ta sami mai neman gadon sarautar Sarkin Musulmi, sai a auna halin da ɗan talaka mai riƙe alli yake ciki.

Malam Abubakar kuwa ba ɗan sarauta ba ne. An haife shi a 1912, mahaifinsa yana hidima ne a gidan hakimin Lere. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya komo Midil ta Bauchi yana koyarwa. A 1934 aka buga littafinsa Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Ya zama hedimasta, aka tura shi Jami'ar Landan a 1945 ya ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo ya zama jami'in ilimi mai duba makarantu, ya shiga majalisar Kaduna, daga can aka tura shi Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. Daga ranar da ya fara riƙe alli zuwa ranar da ya gabatar da ƙudurinsa shekara 17 ne. Wannan lissafin yana da muhimmanci a wurina, domin a cikin shekarun nan ne ya ga yadda ake kamo yara makaranta da ƙarfin hakimi, ya ga yadda ake kashe kuɗin ilimi, ya zauna da sarakuna ya san abin da ke ɓata musu rai, ya zauna da Turawa ya san irin maganar da ba sa iya kaucewa.

Bauchi ta farkon shekarun 1940 wuri ne na ban mamaki. A gari ɗaya ga Malam Abubakar, ga Malam Aminu Kano yana koyarwa tare da shi a Midil, ga Malam Sa'adu Zungur ya dawo gida daga Zariya da harshe kamar aska. Akwai wani zauren muhawara da aka kafa da yardar Turawa, inda malamai da ma'aikatan En'e ke haɗuwa ana tattauna al'amuran yau da kullum. A nan aka fara taɓa mulkin sarakuna a fili, har aka kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarki, ba a daɗe ba hukuma ta rufe zauren. A cikin ukun nan Malam Abubakar ne mai taka-tsantsan, abokan nasa ma suna ganin ya cika sanyi. Malam Sa'adu ya tafi Ikko ya zama sakataren NCNC, jam'iyyar Zik, a 1948. Malam Aminu aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru, can cikin lardin Sakkwato, ya kuma ajiye aiki a ƙarshen 1950 ya shiga siyasar NEPU gaba ɗaya. Malam Abubakar ya zauna.

Zaman nan ya saya masa wani abu da su ba su da shi. A majalisar Ikko ya yi suna wajen kare Arewa daga abin da yake gani danniyar 'yan bokon Kudu. A taron Ibadan na Janairun 1950 yana sahu ɗaya da Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo, lokacin da Arewa ta kafe sai an ba ta rabin kujerun majalisar tsakiya. Don haka wata bakwai bayan nan, da ya juyo kan En'e, babu mai bakin cewa yaron Zik ne aka turo, ko ɗan ta-kife ne da ya rasa abin yi. Sarakuna sun gan shi jiya-jiya yana yi musu faɗa.

Jawabin nasa bai yi sassauci ba. Ya ce tsarin da ya mayar da sarki shi kaɗai En'e bai san asalinsa ba, kuma ya kamata a kawar da shi. Ya ce talaka bai ga wani canji a matsayinsa ba tun zuwan Turawa, ba a neman ra'ayinsa, da ƙarfi ake mulkinsa. Ya ambaci cin hanci da rashawa da suka ratsa kowane sashe, da al'adar kai gaisuwa, da ɗaukar ma'aikata don dangantaka, da halin da kotunan alƙalai suke ciki. Ya nemi a horar da ma'aikata, a kuma wayar wa jama'a kai su san haƙƙinsu. In ka ajiye wannan kusa da ƙorafe-ƙorafen NEPU, cutar ɗaya suka gano. Bambancin yana wurin abin da aka nema. NEPU ta raba jama'a gida biyu, masu sarauta da talakawa, ta ce rikici ne tsakaninsu. Malam Abubakar bai ce a rushe sarauta ba, bai kira sunan sarki ko ɗaya ba. Gyara kayanka yake cewa, ko da yake a fadoji da yawa sauke mu raba aka ji.

A nan nake ganin gwanintarsa. Ya nemi abin da majalisar take da ikon nema, wato bincike, kuma bincike abu ne da ke da wuyar ƙi. Duk wanda ya ce kada a duba, ya nuna akwai abin ɓoyo. Ya kuma yi maganar a wurin da dole a rubuta ta, a buga ta, ta isa teburin Gwamna Macpherson, ba a zauren hira ba inda za a rufe ƙofa gobe. Sannan ya san mutanen da ke zaune tare da shi. Kusan rabin majalisar Turawa ne ma'aikatan Gwamnati, kuma ba su goyi bayansa ba. Sauran, mafi yawansu manyan ma'aikatan En'e ne, masu rawuna, waɗanda bayan an tashi kowa zai koma ya faɗi gaban sarkinsa ya yi gaisuwa. Su ne suka tsaya masa. Ƙudurin ya wuce da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak.

Mutanen nan da suka ɗaga hannu, ina ganin sun cancanci a riƙa tuna su. Wanda ya bar aiki ya hau dandamali ya riga ya yanke shawarar abin da zai rasa. Wanda yake da mata da 'ya'ya a gidan En'e, dokinsa na En'e, rawaninsa kyautar sarki, ya kuma ce a binciki En'e a gaban Razdan ɗin lardinsa, shi ma ya sa wuyansa.

Gwamnati ba ta kafa hukuma mai zaman kanta ba kamar yadda aka nema. Sai ta ɗauki jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto, aka kuma kafa kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Sarakuna da ta Wakilai ya duba shi. Mai neman gyara daga ciki ya saba da irin wannan: ka nemi alƙali daga waje, a ba ka ɗan gida. Amma abin bai mutu a cikin fayil ba. A 1952 aka soke matsayin sarki shi kaɗai, aka koma sarki a cikin majalisarsa. Yana iya saɓa wa majalisar, amma dole a kai maganar sama. A wasu wuraren aka yi tsarin sarki da majalisa, inda rinjaye ke yanke hukunci. A 1954 aka yi babbar Dokar En'e wadda ta tattara waɗannan gyare-gyare, aka ƙarfafa majalisun gunduma da na ƙauye. A shekarar ce kuma makarantar horon akawu ta Kongo a Zariya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, inda aka riƙa kai ma'aikatan En'e da alƙalai kwas. Wannan ta ƙarshe ita ta fi taɓa ƙaramin ma'aikaci, don ta ba shi takardar da zai nuna in ana maganar ƙarin girma. Ba ta kashe ɗan-wane-ne ba, amma ta sa masa kishiya.

Rawuna ma sun faɗi. A zamanin Gwamna Sharwood-Smith an sauke Lamiɗon Adamawa Ahmadu a 1953, a 1954 kuma Sarkin Bauchi Yakubu na Uku, sarkin Malam Abubakar kansa, ya bar gadon sarauta. A Borno, Shettima Kashim Ibrahim, shi ma tsohon malamin makaranta, ya bar kujerar minista a 1956 ya koma gida ya zama Waziri don ya daidaita En'en Shehu. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna yadda mutanen lokacin suka ɗauki En'e ba: mutum ya sauko daga minista ya koma aikin masarauta, kuma ba a ganin ya faɗi.

Zuwa nan labarin yana da daɗin ji ga mai son a ce haƙuri da bin ƙa'ida su ke kawo gyara. Sauran labarin bai kai haka daɗi ba.

Tsarin mulkin Macpherson ya kawo zaɓe a 1951, amma zaɓe ne hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, aka kuma ba En'e damar cusa nata mutanen a hawa na ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya Kaduna ba. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu ta su Dokta Dikko da Abubakar Imam, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a watan Oktoba na shekarar. Su wa suka cika ta? Malaman En'e. Aliyu Makaman Bida tsohon hedimastan Midil ne. Muhammadu Ribaɗu ya riƙe Baitulmalin Adamawa. Isa Kaita daga En'en Katsina, Inuwa Wada daga ta Kano. Malam Abubakar ya zama ministan ayyuka a Ikko a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957. Sardauna ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi kafin ya zama Firimiya a 1954. Cikin 'yan shekaru, yaran da suke tuɓe takalmi a ƙofar fada sun zama masu sa hannu a takardar naɗa sarki da tuɓe shi.

Da suka hau, sai suka tarar En'e ita ce injin cin zaɓe. Hakimi ke ba da izinin taro, ɗan doka ke kamawa, alƙali ke ɗaurewa, gidan yarin ma na En'e ne. 'Yan NEPU suka sha bulala da ɗauri a kan laifin zagin sarki ko taro ba izini. Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ta fita har abin ya zama mata jiki. Kotunan nan da 'yan dokan nan suna cikin abin da aka yi kuka da shi a 1950, amma su ne gyaran ya fi yi wa tafiyar hawainiya. Ikon da aka rage wa sarakuna, Kaduna ya tafi, kaɗan ne ya gangaro wurin talaka. A 1962 aka naɗa 'yan siyasa kwamishinonin larduna a madadin Razdan. A shekarar ce aka tura wani jami'in Gwamnati, Muffett, ya binciki kuɗin En'en Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare. Wannan ya tabbatar wa kowa cewa Gwamnatin Jiha ta fi ƙarfin kowane sarki. Bai tabbatar da cewa mai garma ya sami bakin magana ba.

Hukuncina a kan wannan shi ne, Malam Abubakar ya yi gaskiya da ya zauna, kuma ya samo abin da babu wanda zai iya samowa daga waje a 1950, domin Turawa ba za su taɓa sauya doka don samari takwas sun taru a Kano ba. Amma ban yarda za a saurare shi da sauri haka ba in da babu su Malam Aminu a bakin ƙofa suna ɗaga murya; tsoron na wajen ya sa aka ga na cikin yana da sauƙin sha'ani. Gyaran kuma ya tsaya ne daidai inda ya fara taɓa matakalar da masu gyaran suka hau. Wannan ba sharrin mutum ɗaya ba ne. Duk wanda wuri ya ɗaukaka, akwai sashen wurin da idonsa zai daina gani, kuma yawanci sashen da ke riƙe da kujerarsa ne.

Abin da 'yan siyasa suka bari, soja suka ƙarasa ba tare da neman ƙuri'ar kowa ba. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi a 1967, aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna aka mayar da su kotunan yanki, aka karɓe gidajen yari, aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. A 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, sunan En'e ya fita daga doka. Wanda ya jagoranci bayyana tsarin shi ne Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ma ɗan Kwalejin Katsina ne da ya koyar, ya yi aikin En'e kafin ya zama minista.

Magadan malaman En'e suna nan a sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774, kuma wanda suke tsoro yanzu ba ya naɗa rawani, a gidan gwamnati yake. Ƙungiyarsu ta NULGE ta daɗe tana neman a sakar wa ƙananan hukumomi mara. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Antoni-janar na tarayya ne ya shigar da ƙarar.